Tambayoyinku: Asibiti Sun Ƙi Ba Ɗana Gado, Ko In Kai Shi Gidan Mari?

Likita, yau kwana goma ina shan maganin ciwon damuwa, ban ga wani canji ba. In daina?

A'a, ƙanwata. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsu. Ki ci gaba da sha, ki koma ranar da aka ba ki. Amma in tunanin kashe kanki ya fara zuwa miki, kada ki jira ranar, ki tafi asibiti yau ɗin nan.

Ana iya haɗa ruƙiyya da maganin asibiti?

Ƙwarai, addu'a ba ta hana magani aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bulala, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da mai cewa a ajiye ƙwayar asibiti "don kada aljanin ya fusata".

Ɗana mai shekara 23 ya faɗa shan tiramol da kodin. Mun kai shi asibiti, suka ce ba sai an kwantar da shi ba, ya riƙa zuwa sau uku a mako daga safe zuwa azahar. Ƙannena sun ce raini ne kawai, a kai shi gidan mari ya yi wata shida a ɗaure. Me ka gani?

Baba, Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka maka da ka fara da asibiti. Ba raina ciwon suka yi ba. Abin da suka ɗora shi a kai jinya ce ta jeka-ka-dawo, kamar ɗalibin da ke wuni a makaranta ya kwana gida. Ta fi ganin likita sau ɗaya a wata nauyi nesa ba kusa ba, ba ta dai kai kwanciya ba. A Amurka, inda aka fi tsara ta, mafi ƙarancinta awa 9 ne a mako, galibi awa uku-uku, har tsawon wasu makonni.

A waɗannan awoyi ba zaman jira zai yi ba. Likita zai duba jikinsa da magungunansa, a wasu wuraren a gwada fitsari. Zai zauna da masanin halayyar ɗan Adam su tono abin da ke kai shi ga ƙwayar, ko rashin barci ne, ko zaman banza, ko wata damuwa da ya kasa faɗa muku. Zai zauna da matasa irinsa, kuma a wannan zaman ne yaron da ya yi wa ubansa shiru yakan buɗe baki. Za a kira ku iyaye ma, kuma in an kira ka je da kanka, kada ka tura ƙaninsa.

Me ya sa ake barinsa ya koma gida? Saboda ciwon a unguwa yake. Majalisar tana nan, mai sayar masa yana nan bayan layi, abokan ba su ƙaura ba. Wanda aka kulle wata shida ya daina ne don babu, ranar da ya fito sai ya tarar da komai yadda ya bari, kuma a lokacin ne ya fi shiga haɗari, domin jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha. Mai jeka-ka-dawo kuwa yau a koya masa yadda zai ce a'a, da yamma ya gwada a ƙofar gida, jibi ya dawo ya faɗi yadda aka kwashe.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta: marasa lafiya su sauka da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye, su wuni a asibiti, su kwana cikin mutane. Duniya ta yaba da tsarin, shi kansa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Gidan mari fa? Wallahi raina na ɓaci duk lokacin da na ji ana kiransa magani. Mun ga abin da ƙarfe ke yi wa idon sawu: gyambo mai ruwa, ƙafa a kumbure, wani har tafiyarsa ta canja. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Ga kuma abin da ƙannenka ba su sani ba: mai barin tiramol yana fama da zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, idan kuma yana haɗawa da ƙwayar sa barci ta diyazefam, yanke ta farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wa zai cece shi a ɗakin da aka garƙame? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana irin wannan wulaƙanci.

Sai dai jinyar nan tana da nauyi a kanku. A ware kuɗin mota tun farkon mako, a samu babba mai raka shi, mahaifiyarsa ta riƙe magungunan tana ba shi da hannunta. In ya zame ya sha, a faɗa wa likita, kada a ɓoye don kunya, kada kuma a ce jinya ta ƙi. Idan kuwa ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa ya kasa farkawa, ko ya fara jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa ko wani, maganar jeka-ka-dawo ta ƙare, a kai shi asibiti a daren, gado yake buƙata.

Masu karatu da ke cikin irin wannan hali, ba kowane asibiti ke da wannan tsari ba. Ku tambaya a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, ko sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa mafi kusa da ku.

Matata ta haihu kwana takwas, ba ta barci, tana sambatu, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Goggo ta ce iska ce, a yi mata turare.

Malam, ajiye turaren nan. Wannan alamar taɓin hankalin bayan haihuwa ce, yakan zo cikin mako biyun farko, kuma zazzaɓi mai tsanani na jego ma kan kawo ruɗewa irin haka. Wannan ciwon ba na jeka-ka-dawo ba ne. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na ɗan lokaci, ku kai ta asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Ana warkewa in an yi hanzari. Ka lallashi Goggo ta bi ku, ta riƙe muku jaririn a mota.