Tambaya da Amsa: Manhaja kore, kalanda shuɗiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai rubuta manhajojin intanet ne a Jos. Mun gina wa wata makaranta manhajoji biyu, ta rajistar ɗalibai da ta biyan kuɗi, dukkansu da launin kore, amma kalandar zaɓen rana da muka ɗauko daga wani wuri tana fitowa shuɗiya, haruffanta ma daban. Yaya za mu yi komai ya zama iri ɗaya? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tushen matsalar shi ne kowane sashe da aka aro yana zuwa da nasa launin, kuma yawancin masu gyara kan bi shi da !important (umarnin da ke tilasta wani salo ya danne na asali) wuri bayan wuri, har ranar da aka sabunta sashen, sai gyaran ya wargaje.

Abin da ya fi dacewa shi ne ku tattara launuka, haruffa da tazara a fayil guda na CSS (harshen da ake tsara kamannin shafin intanet da shi), ku ba kowanne suna bisa aikinsa, kamar "launin maɓalli", sannan manhajojin biyu su riƙa ɗauka daga can. Manyan manhajojin shiga intanet sun karɓi irin waɗannan sunaye na CSS tun wajen 2017, kuma suna ratsawa har cikin sassan da aka killace da Shadow DOM (dabarar da ke ware salon sashe daga na sauran shafin), muddin wanda ya gina sashen ya yi amfani da su. Bootstrap 5.3, wani kundin kayan tsara shafuka da ya fito a 2023, ya dogara da su sosai wajen yanayin duhu, wato sauya bayan shafi zuwa launi mai duhu. Idan kuwa kalandar ba ta bar wannan ƙofa ba, a ganina gara ku sauya ta da ku yi ta faci.

Batun haruffa ya fi damuna. Ku rubuta "Ɗanjuma ya ɓatar da ƙwallo" a cikin kowane sashe ku duba da kyau, domin idan salon rubutun ba shi da ɗ, ɓ da ƙ, waya za ta aro su daga wani salon, sai sunan ɗalibi ya fito da harafi ɗaya a karkace. Salon rubutu na Noto Sans yana ɗauke da su duka.

Koren ma ku auna shi: ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin ƙananan rubutu da bayansa, kuma uba mai biyan kuɗi da waya cikin rana a kasuwar Terminus zai ga amfanin hakan. Ku kuma ajiye package-lock.json, fayil ɗin da ke riƙe da lambar fitowar kowane sashe da kuka aro, tare da aikinku, don kada sabon fitowar kalandar ya shigo ba da saninku ba.