Me ya sa talla ke cinye mini mega?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Forfe na sati nake saye, amma kwana uku ya ƙare, kuma duk shafin da na buɗe talla ce ke tarbata. Haka intanet take tun asali? Daga wani ɗalibi, unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba haka ta faro ba. Babban layin da ya haɗa jami'o'in Amurka, NSFNET, da kuɗin gwamnati aka shimfiɗa shi, kuma ƙa'idarsa ta keɓe shi ga bincike da karatu, ban da ciniki. Ranar 30 ga Afrilun 1995 aka rufe shi, ragama ta koma hannun kamfanoni.

Tun a 1993 aka ga alamar inda za a dosa. Jami'ar Minnesota ta ce za ta fara karɓar kuɗi a kan Gopher, tsarinta na neman bayanai a intanet, sai jama'a suka ja baya, ita kuwa cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ta saki fasahar yanar gizo kyauta, kowa ya runtuma can. Tunda mai karatu ba ya son biya, sai aka nemi mai talla ya biya. A Oktoban 1994 shafin HotWired ya liƙa tallar kamfanin AT&T a samansa. A shekarar ce kuma Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, ɗan guntun bayani da shafi ke ajiyewa a na'urarka don kanti ya tuna abin da ka zaɓa. Masu talla suka mai da shi abin bin sawu: kamfani ɗaya ya saka tallarsa a ɗaruruwan shafuka, ko'ina ka shiga ya gane ka.

To a nan megarka ke zurarewa. Rubutun labari bai taka kara ya karya ba. Amma da ka buɗe shafin, wayarka za ta kira wasu kwamfutoci da dama, a yi gwanjon gurbin tallar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a sauke hoto ko bidiyon wanda ya ci, duk daga forfenka. Wannan kam ba adalci ba ne, musamman ga mai haɗa dala-dala kafin ya sa kati. Sai dai gaskiya, da intanet ta tsaya a jami'o'i, da wuya ta iso siba-siban Yamai, balle aljihunka.

Don rage zurarewar, ka shiga Paramètres na wayarka ka kunna Économiseur de données, ka hana bidiyo tashi da kansa a Facebook, ka kashe saukar hotuna kai tsaye a WhatsApp. In Android ce, sa Firefox, manhajar buɗe shafuka, ka ƙara masa uBlock Origin mai tare talla. Amma cikin Firefox kawai yake tare talla, bai isa cikin sauran manhajoji ba. Ka kuma guji manhajojin da ke cewa suna wanke waya ko ƙara mata gudu, yawancinsu da tallar suke ci.