Tsohon gidan gona na ƙasa: a yi masa filastar siminti ko a gyara shi yadda yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Maigidana ya gaji gidan gonar mahaifinsu a wani ƙauye can gefen Ɗambatta, ginin ƙasa ne tun na kakansu, zaure ɗaya da ɗakuna uku, biyu soro ne ɗayan kuma an taɓa buga masa kwano. Muna so mu riƙa kai yara hutu. Birkila ya zo ya duba ya ce a yi filastar siminti ciki da waje, a sa tayil, a buga fenti. Kuɗin ya yi mana yawa, ni kuma mai son ƙawata waje ce da hannuna. Me zan iya yi da kaina, me kuma sai an kira ma'aikaci? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan magabata ya sa albarka a abin da suka bari. Toh tun kafin mu yi nisa, wannan filastar siminti da birkila ya faɗa ku dakata da ita, kuma ba don tsadarta ba, ko kyauta aka ba ku simintin ba zan ce ku shafa shi a bangon ƙasa ba. Ba wai mutumin yana son cutarku ba ne, shi aikin bulo ya koya, kuma a kan bulo maganarsa daidai ce.

Ga inda matsalar take. Bangon ƙasa da damina yana shan danshi, daga ƙasa ta gindinsa da kuma feshin ruwan sama, in rana ta fito sai ya fitar da shi ya bushe, haka ya yi ta yi shekara da shekaru shi ya sa har ya kawo yau. To da zarar an lulluɓe shi da siminti, danshin zai ci gaba da hawowa ta gindi amma ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a ciki. Sannan siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, ba a jima ba sai tsaga ta fito, ruwa ya bi tsagar ya shige baya, daga waje kina ganin bango tas da fenti, a ciki kuwa ƙasar tana narkewa kuma gara ta samu inuwa mai laima inda ba wanda ke ganinta. In kina son ki tabbatar, ki samu wani gida a ƙauyen da aka yi wa haka shekarun baya, ki ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daga ƙasa zuwa sama, za ki ji wani wajen yana amsawa kamar ganga, in an ɓalle wajen da wuƙa sai garin ƙasa ya zubo, wani lokacin har da fararen 'ya'yan gara suna ta guje-guje. Irin wannan bangon ne ke zubewa gaba ɗaya cikin dare a watan Agusta mutane su ce ai lafiyarsa ƙalau jiya.

Ginin ƙasa ba ƙaramin gini ba ne in ana kula da shi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 da ƙasa da azara aka yi shi, ga Gidan Makama nan kusa da ku a Kano, ga hasumiyar masallacin Agadas a Nijar, har ma masallacin Yaama na jihar Tawa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Babban abin da ke riƙe irin waɗannan gine-gine shi ne yaɓe a kan kari da hana ruwa kwanciya.

Saboda haka kafin a zo maganar ado, ku fara da saman soron. Maigida ko wani saurayi mara nauyi ya hau, ya bi ta gefe-gefe kusa da bango kada ya taka tsakiya, ya share, ya tuge duk ciyawar da ta tsiro don saiwarta ce ke buɗa wa ruwa hanya, ya zura sanda a kowane indararo ya fitar da shara da sheƙar tsuntsaye. Indararon da ya gajarce har ruwansa na zuba a jikin bango a canza shi da mai tsawo, inda ruwan ke sauka a ƙasa kuma a jera duwatsu don kada ya haƙa rami ya riƙa fallatsa wa bangon. Wani kuskure da ake yawan yi, duk shekara in soro ya yi yoyo sai a ƙara lafta masa ƙasa a kai, bana a ƙara baɗi a ƙara, nauyi na ta hawa kan azarar da ta tsufa, ranar da ƙasar nan ta sha ruwa ta ƙoshi sai rufin ya sauko. Abin da ya kamata shi ne a kankare wadda ta mutu tukuna sannan a sa sabuwa, a bar gangare zuwa bakin indararo.

Daga ciki ki ɗaga kai ki kalli azarar ɗaya bayan ɗaya da tocila. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa magina suka zaɓe ta, amma bakinta da ke binne a cikin bango yana ruɓewa in ya daɗe a jiƙe. Ki soka tsinin wuƙa a wajen, in ya shige da sauƙi ko kika ga azarar ta lanƙwaso, ko asabarin da ke samanta ya yi baƙi yana zubo da ƙasa, to wannan ɗakin kada kowa ya kwana a ciki, kuma ba aikinki ba ne, maginin gargajiya za a nemo. Ku tambayi mai gari ko dattawan ƙauyen, su suka san wanda ya gaji sana'ar. Haka ma tsagar da ta ratsa bango har kina hango haske, ko kusurwar da ta fara rabuwa, ko bangon da ya karkata. In kina shakkar ko tsaga tana ƙaruwa ne, ki ja layi da fensir a ƙarshenta ki rubuta kwanan wata, bayan sati uku ko huɗu ki sake dubawa. Faɗaɗa taga ko fasa sabuwar ƙofa shi ma a bar wa magini, na san ɗakunan da akwai duhu amma haƙuri.

Shi kuma ɗakin kwanon, a duba ko bakin kwanon ya fito sosai ya wuce bango, don da yawa ana yanke shi daf da bango saboda tsimi, sai ruwa ya riƙa bin jikin ginin. Kafinta zai iya ƙara masa.

Sai gindin bango, wanda nan ne rabin ciwon yake. Ki zagaya gidan bayan an yi ruwa ki ga inda yake kwanciya. A cike da burji a daddaɓe yadda ƙasa za ta gangara daga bango zuwa waje, kwatar wanka da wanke-wanke a ja ta nesa, kuma tunda gidan gona ne, turken awaki da tumaki a matsar da shi, don suna goga jiki suna lasar bangon, fitsarinsu kuma na cinye ƙasar. Kara da itacen girki da ake jinginawa a bango su ma gayyatar gara ce. In har kuna son kashe kuɗi a siminti to nan ne wajensa, a yi magudanar ruwa da shi a ƙasa, ɗan nesa da bangon.

Toh yanzu ga naki aikin. Yaɓen ƙananan ramuka da tsagar da ba ta yi zurfi ba, ke da yara za ku iya, kuma wallahi yara na son wannan aiki. A nemi ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, yawanci kududdufin da ke bayan gari daga nan aka haƙo ta, a jiƙa, a zuba ramno wato ciyawar da aka daddatsa, wasu na ƙara kashin jaki ko na doki, a tattake da ƙafa sosai a bar ta ta kwana biyu tana tsima ana juyawa. Kafin ki yaɓa ki kankare duk abin da ke motsi a wajen, ki yayyafa ruwa bangon ya yi laushi, in ba haka ba busasshen bango zai zuƙe ruwan sabuwar ƙasar ta faɗo. Ki jefa ta da ɗan ƙarfi ki danna da tafin hannu, sirara-sirara, rami mai zurfi a cike shi sau biyu ko uku ana bari yana shan iska. Ki fara gwadawa a waje kaɗan kamar faɗin faifai, in ya bushe ya yi tsaga da yawa to yumɓu ya yi yawa a ƙara yashi da ramno, in kuma yana marmashewa in kin goga yatsa to yashin ne ya yi yawa. Lokacin aikin shi ne bayan an ɗauke ruwa an gama girbi, zuwa kafin ruwan farko, sai dai in hunturu ya yi tsanani iskar na busar da yaɓe da gaggawa, sai a yi da yamma ko a kare shi da zana.

A kan yaɓen waje ana shafa makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, yana sa ruwa ya zame kuma launinsa kaɗai ado ne, amma ba na dindindin ba ne, bayan damina biyu ko uku yana son sabuntawa. Akwai kuma laso da magina ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, wannan ya fi ƙarko a saman soro da rawanin gini, sai dai masu iya shi sun yi ƙaranci kuma katsin ma sai an nema, in kun samu wanda ya iya ku riƙe shi da kyau.

Cikin ɗaki kuwa farar ƙasa za ki shafa, ba fenti ba. Fentin mai yana toshe bango yadda siminti ke yi, na ruwa kuma bayan ɗan lokaci zai kumbura ya riƙa ɓarewa. Ki dama ta ruwa-ruwa, shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma kada ki tsorata in kin ga ta yi dishi-dishi tana jiƙe, sai ta bushe farinta ke fitowa. Ɗan ƙaro da aka jiƙa aka tace in an zuba yana rage yadda take bin tufafi, ɗan bula na wanki kuma yana ba ta wani haske mai sanyi. In farar ƙasar ta buhu ce ta shagon kayan gini, ki sa safar hannu ki kiyaye idonki don tana ƙuna, yara su tsaya nesa a wannan. Daga ƙasa kamar kamu biyu za ki iya zagaye ɗakin da jar ƙasa, a nan ne datti ya fi kamawa.

Maganar tayil, ni dai ban goyi baya ba, haka ma ledar tsakar ɗaki da ake shimfiɗawa bango zuwa bango, in kin ɗaga ta bayan damina za ki tarar ƙasan ya yi gumi gara ta yi hanyoyi. Daɓe za a sabunta, kuma wannan asali aikin mata ne, tsofaffin ƙauyen sun san shi sarai har da waƙoƙinsa, ki yi musu abinci ki gayyace su. Ana baza burji da ƙananan tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ya kwanta, sannan a riƙa yayyafa ruwan makuba ana sake bugu, in ya bushe yana yin sulɓi da duhu mai kyau kuma da zafi sanyinsa daban ne. A kai sai tabarmar kaba ko darduma wadda za a iya naɗewa a shanya.

Adon bango shi ne mai daɗin. Tun yaɓen zaure yana ɗanye za ki iya zana dagi a saman ƙofa da yatsa ko bayan cokali, ki fara gwada hannunki a ƙasa tukuna, ko ki bi gefen ƙofar da zane mai sauƙi irin na bakin ƙwarya. Faya-fayai masu launi, ƙoren da aka yi wa zane, ludayi, tsohon akushi, duk in kin bincika rumbu da ɗakin tsohuwa za ki samu wasu, a wanke a shafa wa na itacen ɗan man gyaɗa. Ƙusa ba ta zama a bangon ƙasa, ƙaramin turken itace mai tauri ake fiƙewa a kafa shi ya ɗan kalli sama, kuma abu mara nauyi kawai. In akwai alkuki a bangon kada a toshe shi, fitila mai caji ko kaskon turaren wuta ya zauna a ciki. Fanka kuwa ta tsaye za ku saya, kada a rataya komai mai nauyi a azara, in za a ja wayar sola a bi da ita ta kan bango cikin bututun roba, ba a fasa bangon a binne ta ba.

Gara in kin ga ta yi hanya a bango ki kankare, ki bi ta har inda ta fito, sau da yawa akwai suri ko tsohon kututture kusa da gida, a haƙe shi. Dan Allah kada a sa ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi a buhu a ɗakin kwana, ko a yayyafa maganin feshin gona a bango, hayaƙin ƙwayar nan yana kashe mutum a rufaffen ɗaki, balle yara. In abin ya fi ƙarfinku a kira masu feshi na gaske a lokacin da ba kowa a gidan.

Tunda hutu kawai za ku riƙa zuwa, ku samu wani a maƙwabta da zai riƙa buɗe ɗakunan suna shan iska, ya leƙa indararo duk bayan ruwa mai ƙarfi, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A bana ku tsaya a kan rufi da gindin bango da ɗaki ɗaya da za ku kwana, zauren da zanensa su jira bayan damina in kun ga inda ya yi yoyo.