Tambaya da Amsa: Wace tsirkiya ta dace da jitar jaz mai doro?

Tambaya: Malam, ina da jita irin ta jaz, mai doron fuska da ramuka biyu kamar na gogen Turawa. A gida nakan kaɗa ta haka nan ba wuta, daren Asabar kuma mu haɗa ta da amfuli, wato na'urar ƙara sauti, a wurin wasa. Na sa mata tsirkiyar tagulla, a ɗaki tana da daɗi ƙwarai, amma da na jona sai manyan tsirkiyoyi su nutse, ƙananan biyu su yi ta tsawa. Mikiro ne ya lalace? Daga wani ɗan'uwa a Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, mikironka, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa amfuli, lafiya lau yake, kada ka kai shi wurin mai gyara. Maganaɗisu ne a cikinsa, shi kuwa maganaɗisu irin su baƙin ƙarfe da nikel yake ji, ba ya jin tagulla. Tsirkiyoyin nan huɗu masu kauri, tagulla aka naɗe su da ita, sai ɗan siririn ƙarfen da ke tsakiya ne mikiro ke kamawa. Ƙananan biyun kuma zallar ƙarfe ne, shi ya sa suke danne 'yan'uwansu. Ka samo maganaɗisun tsohuwar sifika, ka kusanta shi da guntun kowacce, hannunka zai gaya maka bambancin.

Wannan jita an yi ta ne tun kafin amfuli. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da L-5 a farkon shekarun 1920, mai mikiro kuwa, ES-150 wadda Charlie Christian ya shahara da ita, sai a 1936. Makaɗan da, irin su Freddie Green na ƙungiyar Count Basie, da tsirkiya mai nauyi suke ratsa ƙarar kakaki da ganguna. Dalili shi ne jakin da tsirkiya ke hawa ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne ke danna shi a kan doron, doron ya girgiza ya ba da murya. In ka sa siririya mai lambar kauri 9 ko 10, wadda ta fi yawa a shagunanmu, katakon ba zai farka ba. Raina yakan ɓaci in na ga jita mai kyau an ɗaura mata wannan, tana magana kamar mai mura.

To, ga abin da zan sa in tawa ce: tsirkiyar nikel mai kaushin naɗi, lamba 12 zuwa 52, wadda ta ukunta ma naɗaɗɗiya ce. Lambar 12 tana nufin kaurin ƙaramar, wajen milimita 0.30, 52 kuma na babbar. Nikel yana amsa wa maganaɗisu, kuma kaushin naɗin yana barin jitar ta yi kuka sosai ko an ɗauke wuta. Ba za ta kai tagulla zaƙi a ɗaki ba, wannan kam sai haƙuri, amma ba za ta kunyata ka a gaban jama'a ba. In yatsunka sun saba, ka hau 13 zuwa 56.

Akwai kuma mai santsi, wadda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe, irin su Chromes na D'Addario ko Jazz Swing na Thomastik da ake yi a Austiriya. Ita ce ke ba da muryar nan mai taushi da duhu da mutane ke kira ta jaz, yatsa yana zamewa ba ƙara, tana kuma daɗewa. Sai dai ba amfuli takan yi sanyi, sautin ya mutu da wuri. Wanda yawancin kiɗansa a jone yake, ita zan ba shi. Kai da ke kwana shida a ɗaki, a'a.

Ranar canji, kada ka kuskura ka kwance shidan gaba ɗaya, jaki zai gusa ko ya faɗo. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ni har tef ɗin takarda nake mannawa a gaban ƙafafun jakin don in san mazauninsa. Idan ka gama, danna kowacce a gaɓa ta 12 ta ƙarafan wuyan jita ka ji ko ta yi daidai da sautinta na sake, wato in ba a danna ta ba; in ta haura, ja jakin baya kaɗan, in ta gaza, matsa shi gaba. Ƙarin kauri yana iya ɗan lanƙwasa wuyan jita, wannan gyaran ƙarfen cikin wuya ka bar wa wanda ya iya.

Sai maganar garinmu. Da hunturu katako yakan bushe, doron ya ɗan sauka, tsirkiya ta fara gogar ƙarafan wuya. Mutane sai su ɗora wa tsirkiya laifi, alhali juya 'yan zagayayyun ƙarafan nan biyu da ke ɗaga jaki kaɗan ya isa. Zafin Maris da Afrilu kuma gumi ke kawowa, gumi kuwa tsatsa. Ka ajiye busasshen ƙyalle a akwatin, ka share sama da ƙasan kowace tsirkiya bayan wasa. Tunda sau da yawa sai an yi sautu daga Duwala ko Yawunde, ka sayi saiti biyu lokaci guda, ka ƙara da ƙananan biyun daban, don su ne ke fara tsinkewa.