Sunan da Ke Bayan Lambar Yaƙin Bama

Tambaya: Malam, na gaji lambar yabo ta Tauraron Bama (ƙasar Burma) ta kakana, kuma akwai sunansa a bayanta. Shin hukumar soja ce ta rubuta shi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Da wuya, domin Birtaniya ta raba taurarin Yaƙin Duniya na Biyu, har da na Bama, babu suna, saɓanin lambobin yaƙin 1914 zuwa 1918, waɗanda aka buga musu suna da lambar shaidar soja da inji. Ka duba da gilashin ƙara girma: harafin da inji ya buga zurfinsa ɗaya ne, amma wanda maƙeri ya sassaƙa da hannu yakan sirance a ƙarshensa. Sassaƙar ba ta mai da lambar jabu, sai dai kada ka goge ta da toka, domin gugar tana cinye haruffan.