Hukuncin zuba jari a man shafawa na ciwon gaɓɓan tsofaffi

Tambaya: Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Tawa. Wani abokin harkata da ke Yamai zai shigo da man shafawa na sanyin ƙashi daga Indiya, a jikin kwalin an rubuta diclofenac. Ya ce in sa miliyan 2 na sefa, duk wata zai ba ni jikka 100, uwar kuɗina kuma ba ta taɓuwa. Tallan da ya shirya na rediyo da WhatsApp yana cewa man yana raba tsoho da ciwon gwiwa har abada cikin mako guda. Ya halatta in shiga?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, Allah ya saka maka da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka.

Sayar da magani halal ne, cin riba a kansa ma halal ne. Diclofenac sanannen magani ne. Kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ya fitar da shi a 1973 da sunan Voltaren, kuma a 2020 Amurka ta yarda a sayar da na shafawar ba sai da takardar likita ba. Masu kuɗi suna rububinsa ne saboda yawan mabuƙata: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ciwon zaizayewar gaɓɓai, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa. Ganin buƙata a kawo kaya ba laifi ba ne. Alkwal ɗin da ake sa wa irin waɗannan mayuka ma kada ya dame ka, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta shi a abin da ake shafawa a fata.

To amma yadda ka kawo maganar, bai halatta ka shiga ba, saboda abubuwa biyu.

Na farko yarjejeniyar. Kuɗi daga gare ka, aiki daga gare shi, wannan ƙirali ne, kuma sharaɗinsa a wurin Malikiyya da sauran mazhabobi shi ne rabo ya zama kaso daga ribar da aka samu: rabi, ko sulusi, ko abin da kuka daidaita. In aka yi asara ba da sakacinsa ba, kai ka rasa dukiya, shi ya rasa wahalarsa. Da zarar ya lamunce maka uwar kuɗi ya kuma yanka maka jikka 100 duk wata, ko an sayar ko ba a sayar ba, to bashi ka ba shi, ƙarin nan kuwa riba ce wadda Allah ya haramta. Gyaran wannan mai sauƙi ne, zama guda ya isa.

Na biyun shi ya fi tayar mini da hankali, wato tallan. Wannan ciwo guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ke cinyewa, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Man yana rage kumburi da zafi muddin ana shafawa, wannan kuwa alheri ne babba. Amma ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, in an daina shafawa ciwon yakan dawo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya ce Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, sai guda ɗaya: tsufa. Wanda ya ce "har abada cikin mako guda" ya sayar da abin da babu shi a cikin kwalinsa.

Ka duba wa za a yaudara. Tsohuwa ce da ta shekara tana sallah a zaune kan kujera, tana kallon tabarma tana marmarin ta sa goshi a ƙasa. Ta ji rediyo, ta kwance bakin zanenta, ko ta tura jikanta ya kira ɗanta da ke ci-rani a Abijan. Mako ya cika gwiwa ba ta warke ba, sai ta ce ƙila shafawar ce ta yi kaɗan, ta ƙara saye, ta haɗa da ƙwayoyi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuwa, wannan haɗin yana iya cutar da shi. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Muslim ne ya ruwaito. Wannan a kan abinci jiƙaƙƙe ke nan, ina ga lafiyar iyaye? Kuma kada ka ce shi ya rubuta tallan, kai kuɗi kawai ka sa. Da kuɗinka za a biya gidan rediyon, Allah kuwa ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka.

In kana son cinikin, ka koma wurinsa da sharuɗɗa. A sake yarjejeniya bisa kaso, a rubuta, a sa shaidu. A gyara tallan ya faɗi gaskiya: yana rage zafi, ba a shafa shi a kan rauni, mai wata cuta ya tambayi likita. Ka ga takardar izinin hukumar magunguna ta Nijar da idonka, domin a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Kayan su bi ta farmasi, kada su faɗa hannun masu yawo da tire a ka cikin ranar Tawa, zafi yana lalata magani.

In ya yarda, shiga, Allah ya sa albarka. In ya ce gaskiya za ta kashe masa kasuwa, riƙe kuɗinka. Wallahu a'alam.