Idan gem ya zama ajali: wane fim za a saya, wane za a bari?

Malam, ina son fina-finan ban tsoro irin waɗanda wasan gem ko waya ke zama ajalin mutum. A waya nake kallo, datata kuma ba ta da yawa. Abokina ya ce in fara da Stay Alive, sannan in tara kuɗi in sayi babbar talabijin don in more su sosai. Me ka gani? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ɗan'uwa, riƙe kuɗin talabijin ɗinka tukuna. Shi Stay Alive na 2006 labarinsa mai sauƙi ne: wasu samari sun samu wani gem, duk wanda ya mutu a cikin wasan haka zai mutu a zahiri. Dabarar tana da daɗin ji, amma zanen gem ɗin ya tsufa, yau ka kalla sai ka ga kamar katun, dariya ta riga tsoro zuwa. Wannan ita ce cutar irin waɗannan fina-finai. Idan tsoron a jikin na'ura aka rataye shi, ranar da na'urar ta zama tsohon yayi, tsoron ma ya bi ta.

Waɗanda suka daɗe suna razana mutane, a ɗabi'armu suka kafa tsoronsu. Ka ɗauki Ringu na Japan, wanda ya fito a 1998. Kaset ɗin bidiyo ne, wanda ya kalla sai waya ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Wa ke da kaset yau? Amma hanyar tsira a labarin ita ce ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla, wato ka tura bala'in gaba. Duk wanda ya taɓa samun saƙon "tura wa mutum goma" a WhatsApp ya san wannan halin.

Tunda a waya kake kallo, fara da Host na 2020. An ɗauke shi lokacin kullen korona, kuma daga farko har ƙarshe hirar Zoom ce kawai: ƙawaye sun haɗu kiran ruhohi don wasa, abin ya juye musu. Bai kai awa ɗaya ba. Allonka ya cika da ƙananan akwatunan fuskoki, kana sauraron mai magana, can a bayan wata da ta yi shiru sai ka hango ƙofa ta motsa. A babbar talabijin kallo kake daga nesa, a waya kuwa ji za ka yi kamar kai ne mutum na gaba a kiran. Unfriended na 2014 ma haka aka gina shi a kan allon kwamfuta da Skype, sai dai akwai zagi da abubuwan da ba a kallo a falo.

Abin saye ɗaya ne: iyafis mai kyau. Rabin tsoron fim a kunne yake, ƙarar katako, numfashi, shirun da ke zuwa kafin abu ya faɗo. Batun data kuwa, a lissafin Netflix awa ɗaya tana cin kusan gigabait 1 a hoto matsakaici, ta kai 3 a hoto mai kaifi. Ka sauke fim ɗin a matsakaici, amma kada ka yi ƙasa sosai, don fim mai duhu idan aka matse shi baƙi kawai za ka gani. Kafin ka biya kuɗin wata a kowane dandali, bincika ko fim ɗin yana nan a ƙasarka. Host a Shudder aka fara sakin sa, ba kuma ko'ina ake samun Shudder ba.

Yarona ɗan shekara goma ya dame ni in sayo masa Five Nights at Freddy's, wai ai gem ɗin da yake bugawa ne. Ƙanwarsa kuma tana son M3GAN don ta ga 'yar tsana tana rawa. In saya? Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, a'a, ba yanzu ba. Duka biyun a Amurka tambarin PG-13 aka buga musu, ma'ana akwai abin da bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba. Na farkon, wanda ya fito a 2023 daga gem ɗin 2014, labarin maigadi ne a wani rufaffen gidan abinci, kuma mutum-mutumin dabbobin da ke wurin ruhohin yaran da aka sace aka kashe ne a cikinsu. Jini ba shi da yawa, amma yaro ya kwana da tunanin an kashe yara irinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ki kuma zauna ki ga gem ɗin da idonki, don shi ma na razanarwa ne.

Ita kuwa M3GAN, rawar ce ta yaudari 'yarki. 'Yar tsana ce mai ƙirƙirarriyar basira da aka haɗa don ta kula da wata marainiya, sai kulawar ta kai ta ga kisa, har da karen maƙwabciya. Akwai kuma wani bugu na biyu da aka ƙara masa jini, wanda mai tura fim a kasuwa ba lallai ya bambance miki ba. Ke dai ki kalla bayan sun yi barci. A fim ɗin, 'yar'uwar mahaifiyar marainiyar ta miƙa tarbiyya ga na'ura don aiki ya yi mata yawa, kuma ni kaina da na kai nan sai da na waiwayi yarana da ke kwance da waya a hannu.

Ringu na Japan ko The Ring na Amurka? Daga wani tela a Kumasi.

Maigida, in kana iya bin rubutun fassara a ƙasan allo, ɗauki na Japan, ya fi natsuwa, tsoronsa a hankali yake shiga jiki. Na Amurka na 2002, wanda maimaicin labarin na Japan ne da Turanci, ba laifi, hotonsa ya fi kyau, kuma shi ya fi dacewa da mai kallo yana taka keke, tunda ba sai ka kafa wa allo ido ba. Ka dai ɗaga ƙafa daga keken idan an nuno rijiya.